Sharhi: Ingancin hoton tsofaffin wasannin kwamfuta a DOSBox Staging

Na daɗe ina amfani da DOSBox 0.74-3, wanda ya fito a 2019, wajen kunna wasannin zamanin DOS, tsohon tsarin gudanar da kwamfuta kafin Windows, irin su Prince of Persia da Commander Keen da Doom, kafin daga baya na koma DOSBox Staging, wani reshe na wannan manhaja ta kwaikwayon tsohuwar kwamfuta wanda masu aikin sa-kai suke kula da shi kuma suke rabawa kyauta. Sigar da na gwada ita ce 0.82, a kan kwamfutar tebur mai sikirin na 1920 da 1080, da kuma wata tsohuwar laftof 'yar gwanjo mai sikirin na 1366 da 768. Hoto kaɗai zan yi magana a kansa. Ra'ayina shi ne, manhajar ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba, kuma fifikon nata ya samo asali ne daga yadda ta mayar da hankali kan nuna wasan a siffar da masu zanensa suka gan shi, maimakon ƙoƙarin yi masa kwalliyar da ba a tsara shi dominta ba.

Abu na farko da ya canja a idona shi ne fasalin hoton. Yawancin wasannin DOS na farkon shekarun 1990 suna aiki ne da ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, da launuka 256, bisa tsarin VGA da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Monita ta wancan lokaci, mai ƙeyar nan, tana da ma'aunin 4 da 3, saboda haka tana miƙe wannan hoto ya cika fuskarta, kowane ɗigo ya fi tsawo a kan faɗi da kashi 20 cikin 100. Masu zanen sun san da haka, kuma da shi suka yi lissafi. Sikirin na yau kuwa ɗigonsa tsawo da faɗi ɗaya ne, don haka idan aka nuna hoton ɗigo da ɗigo ba tare da gyara ba, sai komai ya gajarce ya baje. A Doom, fuskar jarumin da ke ƙasan allo takan yi faɗi, dodannin su zama gajeru masu ƙiba, kuma mutum zai iya shafe shekaru yana wasa a haka bai lura ba. A tsohuwar DOSBox sai mutum ya buɗe fayil ɗin saiti da kansa ya mayar da layin aspect zuwa true, domin a kashe yake zuwa. A Staging gyaran a kunne yake tun daga farko, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin sauya manhaja ga wanda ba ya son taɓa saiti.

Inda na fi daɗewa ina gwaji shi ne batun matatun hoto. Tsohuwar DOSBox tana da hanyoyin faɗaɗa hoto irin su hq2x da hq3x da advmame2x, waɗanda suke duba ɗigon da ke makwabtaka da juna su yi hasashen inda ya kamata layi ya lanƙwasa, sannan su goge kusurwoyin. Kallon farko yana burgewa, musamman a wasa mai zane irin na katun, inda launuka suke a shimfiɗe kuma layuka suke da kauri. Matsalar tana bayyana ne a wasannin EGA, tsarin hoton da ya gabaci VGA, masu launuka 16 kacal. Da yake launukan sun yi wa masu zanen kaɗan, sai suka riƙa jera ɗigon launuka biyu bi da bi, kamar saƙar tabarma, domin ido ya haɗa su ya ga launi na uku. Sararin samaniya da inuwar gine-gine a sigar EGA ta The Secret of Monkey Island, wadda ta fito a 1990, cike suke da wannan dabara. Da na ɗora hq3x a kan irin wannan hoto, matatar ta ɗauki ɗigon a matsayin ƙananan siffofi, ta haɗa wasu ta raba wasu, sai bango ya cika da tabo-tabo, ƙananan haruffa kuma suka narke har wasu suka yi wuyar karantawa.

Staging ta bi wata hanya dabam tun daga sigar 0.81 da ta fito a farkon 2024. Saitin da take zuwa da shi, wato glshader a kan crt-auto, yana duba irin tsarin hoton da wasa ya buƙata da kuma girman sikirin ɗin mai wasa, sannan ya zaɓi kwaikwayon monitar da ta dace. Wannan bambanci yana da tushe a yadda na'urorin suke aiki. Monitar EGA da ta CGA, tsarin da ya gabace shi, suna zana layuka 200 sau ɗaya, shi ya sa ake ganin siraran ratsin duhu a tsakaninsu, alhali katin VGA yana zana kowane layi sau biyu su zama 400, hoton ya fito a cike da ɗigo masu kaifin gefe. Mutane da yawa suna ɗora wa wasan VGA baƙaƙen layuka masu kauri suna zaton haka yake a da, amma wannan siffar talabijin ce da na'urorin wasa na gida. Da na kunna Commander Keen, wanda wasan EGA ne, ratsin sun fito, launukan sun ɗan yi taushi, ɗigon da aka jera bi da bi suka haɗu a ido ba tare da sun ɓace ba. Da na koma Doom sai manhajar ta sauya da kanta zuwa siffar VGA, ban taɓa komai ba. Ga mai sha'awar layuka masu kauri duk da haka, akwai crt-auto-arcade, kuma masu manhajar ba su ɓoye cewa wannan ado ne kawai ba.

Sai dai wannan kwaikwayo yana cin ɗigo da yawa, kuma a nan ne lissafi yake shigowa. Domin layukan su fito daidai wa daida, dole ne a ninka tsawon hoton da cikakkiyar lamba. A sikirin mai layuka 1080, ninki 5 na 200 yana ba da 1000, don haka ana samun ɗan baƙin fili a sama da ƙasa, ban da na gefe biyu da ma'aunin 4 da 3 yake bari. Ban ga wannan a matsayin aibi ba, domin da na tilasta wa hoton cika sikirin sai wasu layuka suka fi wasu kauri, abin kuma ya fi damun ido idan hoto yana tafiya sama ko ƙasa. A laftof mai layuka 768 kuwa wurin bai isa a kwaikwayi layuka 400 na VGA ba, saboda haka na zauna a kan matatar sharp, wadda take faɗaɗa ɗigon a tsabtace ba tare da wani ado ba. Tunda irin wannan laftof ce a hannun da yawa daga cikinmu, ya kamata mai karatu ya san cewa hotunan da ake yaɗawa na kyan wannan tsari yawanci daga manyan sikirin na 4K ake ɗauko su.

Akwai kuma batun santsin motsi, wanda ba a ganinsa a hoton da yake tsaye. Tsarin VGA na 320 da 200 yana sabunta allo sau 70 a daƙiƙa, Doom kuma yana zana hoto 35, wato rabin haka, alhali yawancin sikirin na yau a kan 60 suke. Tunda lambobin ba su dace da juna ba, akan ga ɗan tsalle-tsalle a wasannin da bango yake gudu zuwa gefe. Manhajar tana rage abin gwargwadon iko, amma maganinsa na gaskiya shi ne monita mai sauya saurinta, irin mai FreeSync ko G-Sync.

Game da wasanni masu siffa uku, ya kamata mutum ya rage buri. Doom yana lissafa hotonsa ne da kansa a kan 320 da 200, don haka babu saitin da zai sa manhajar kwaikwayo ta ƙirƙiro bayanin da wasan bai zana ba, kuma mai son ganinsa a cikakken girman sikirin sai ya nemi injinan da aka sake ginawa daga lambobin wasan, irin su GZDoom. Wasannin da suke da zaɓin SVGA a cikinsu, wato hoto mai ɗigo fiye da na VGA, kamar Duke Nukem 3D na 1996, a shirin saitin wasan ake ɗaga su zuwa 640 da 480 ko 800 da 600, sannan a ƙara wa kwamfutar kwaikwayon sauri idan hoto ya fara ja. Staging tana kuma kwaikwayon katin hoto mai siffa uku na 3dfx Voodoo na 1996, kuma Tomb Raider na farko ya yi kyau ƙwarai da shi, bango ya yi sumul, launuka suka ƙaru. Amma furosesa ce take ɗaukar nauyin wannan aiki gaba ɗaya, laftof ɗina ta yi zafi fanka ta yi ta kuka, kuma hoton yana nan a 640 da 480 kamar yadda katin asali yake bayarwa. Wanda yake son ya wuce wannan iyaka sai ya duba DOSBox-X, wadda take iya miƙa umarnin Glide, wato harshen da wasa yake magana da katin Voodoo da shi, ga katin hoton kwamfutar ta hanyar manhaja irin nGlide, ko da yake saitinta ya fi na Staging yawa da wahala.