Hattara da masu tallar laftof ɗin gem da katin girafik na waje

Jama'ar Sakkwato, musamman ɗaliban Danfodiyo da na Poli, a yi hattara da irin tallar nan ta gurup-gurup na WhatsApp da Facebook: laftof siririya marar nauyi, ta hannu, haɗe da akwatin katin girafik (katin da ke sarrafa hoton gem) na waje da ake kira eGPU, duka a kuɗin da bai kai na katin kirki shi kaɗai ba. Mai tallar zai ce kayan suna Legas ko Kano, a tura rabin kuɗi kafin alƙalami, ya sako su a mota a karɓa a tasha. Wasu daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Masu wayon cikinsu kuwa suna turo kayan, amma kayan da ba za su taɓa aiki tare ba, in ka koma da ƙorafi a ce kai ne ba ka iya haɗawa ba.

Tushen damfarar a kan rami ɗaya yake, wato ramin jikin laftof da ake jona kebul ɗin akwatin. Akwatin eGPU da irin ramin da ake kira Thunderbolt yake aiki, shi kuma Thunderbolt 3, tun fitowarsa a 2015, bakinsa iri ɗaya ne da USB-C. Ido ba ya rabe su. Na Thunderbolt yana da hanyar PCIe a ciki, wadda katin ke bi ya yi magana da kwamfuta, USB-C zalla kuwa babu wannan hanyar, kuma babu wata manhaja ko adafta da za ta saka ta. HP EliteBook 840 G3 da G4, waɗanda suka cika shagunan kayan hannu, suna da USB-C amma ba su da Thunderbolt. Sai daga G5 aka sa shi. Dell Latitude 7490 ta fi rikitarwa, domin wasu sun zo da shi, wasu ba su zo da shi ba, alhali sunan ɗaya ne. MacBook mai firosesan Apple na M1 ko waɗanda suka biyo bayansa ba ya karɓar eGPU don gem sam, ko da ramin Thunderbolt ne.

Kada ku tsaya ga alamar walƙiya da ke gefen ramin, don akan sa makamanciyarta a ramin da ke cajin waya kawai. A kunna kwamfutar, a buɗe Device Manager na Windows, mai jera kayan cikin kwamfuta, a nemi Thunderbolt Controller ko USB4 (sabon samfurin USB mai aiki irin na Thunderbolt) a cikin jerin. In Dell ce, a ɗauki lambar Service Tag da ke ƙasanta a sa a shafin kamfanin, zai nuna kayan da ta fito da su daga masana'anta. Ko an samu Thunderbolt ɗin, a tambaya layi nawa ne: wasu, kamar XPS 13 9360 da ThinkPad T480, layin PCIe 2 gare su maimakon 4, gem zai tashi amma katin ba zai ba da ƙarfinsa duka ba.

Sai katin kansa. Jabun da ya fi yawa shi ne tsohon GTS 450 na 2010 da aka sauya wa BIOS, wato manhajar da ke jikin katin, ya riƙa amsa sunan GTX 1050 Ti. Windows ma sunan ƙaryar zai nuna muku. Amma na gaskiya ba shi da shuɗin ramin VGA, jabun kuwa galibi yana da shi, kuma yakan zo da direbansa (manhajar da ke sa katin aiki) a faifai saboda na shafin Nvidia ba ya hawa. Manhajar GPU-Z kyauta ce, ita za ta tona asiri: na gaske 768 zai nuna a wajen Shaders, wato ƙananan injinan lissafi na katin, jabu 192, sau da yawa ma da kalmar FAKE gaban sunan. Jabun yana iƙirarin memori 4GB, amma da zarar gem ya wuce ɗan abin da ke cikinsa sai allo ya cika da zane-zane ya daskare. Haka RX 580: cikakken Shaders 2304 gare shi, akwai mai 2048 da ake sayarwa da suna ɗaya, ga kuma waɗanda suka sha haƙar kirifto dare da rana. Irin wannan gajiyayyen kati a zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu a fankarsa, ba ya nisa.

Wani lokaci "akwatin" ma ba akwati ba ne, ɗan allo ne irin EXP GDC da ake jonawa a gurbin katin Wi-Fi. Sai an kwance ƙasan laftof, a rasa Wi-Fi, layi 1 kacal yake bayarwa, BIOS ɗin wasu kwamfutocin ma ba ya yarda da shi, katunan Nvidia kuma sukan tsaya da Error 43. Masanan harkar kwamfuta suna amfani da shi da saninsu, amma sayar da shi da sunan eGPU na cire-ka-jona zalunci ne. A duba ko akwai abin ba da wuta a cikin kayan, da kebul ɗin Thunderbolt na asali, gajere mai kamar rabin mita. Na cajin waya ba ya yi. A kuma tuna akwatin ba shi da batir, in aka ɗauke wuta gem ya tsaya nan take.

Ba a cinikin biri a sama. Ko sisi kada ya fita sai an haɗa laftof da akwati da kati a gabanku, an sauke direba daga shafin kamfanin, an buga gem mai nauyi na akalla minti 30 ana kallon zafin katin a GPU-Z. Bidiyon da mai kaya ya turo ba shaida ba ce, da wata kwamfutar ana iya ɗaukarsa. In kayan na nesa ne, a wakilta ɗan'uwa ko amintaccen mai gyara a can ya yi gwajin, a rubuta lambar jikin kowane kaya a rasit. Wanda kuɗinsa ya riga ya tafi, ya garzaya bankinsa a ranar da shaidar tura kuɗin da hotunan hirarsu, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato.