Samfurin muƙamuƙi na firintar 3D, ku auna kafin ku yarda da shi

Muna da wata baiwar Allah mai ameloblastoma, wani ƙari da ke fitowa a ƙashin muƙamuƙi, ƙarin ya cinye gefen hagu na muƙamuƙin ƙasa, za a yanke a sa mata farantin titanium. Sai na tura wa wani matashi mai firintar 3D hoton CT ɗinta a DICOM, wato tsarin fayil ɗin hotunan asibiti, ya bugo mana ƙashin, mu lanƙwasa farantin a kansa tun kafin ranar aiki, kun dai san yadda lanƙwasawa a ɗakin tiyata ke cin lokaci mara lafiya na kwance an sa mata barci.

Da kayan ya iso gaskiya na ji daɗi. Kumburin ya fito ɓaro-ɓaro, har ɗan ramin da jijiyar haɓa ke fitowa ana gani, na nuna wa mijinta daidai inda za mu yanke ya gane nan take ba sai an yi dogon turanci ba.

To sai na ɗauko kalifa, wato ma'aunin tsayi mai baki biyu, na auna tsakanin kawunan muƙamuƙin biyu, waɗanda ke shiga gaɓar gaban kunne, na kwatanta da awon CT ɗin a kwamfuta. Milimita 4 ya ragu! Ashe da robar PLA ya buga, ya kai tasha ya ba direba, aka jefa a but ɗin mota cikin zafin ranar Afrilu, ita kuwa PLA tana kaiwa wajen digiri 60 take fara laushi, ga muƙamuƙi a lanƙwashe yake kamar baka, sai gefunan suka matso ciki. Da a kan wannan muka lanƙwasa faranti da matar nan ta farka haƙoranta ba sa haɗuwa, gaɓar ma ta goce.

Na kira shi wai sai ce min ya yi "haba Dakta, milimita 4 ai ba komai ba ne". Wallahi wannan maganar ta fi lalacewar kayan ɓata min rai, fuskar mutum fa ake magana, matar da za ta tauna abinci da bakin nan iya rayuwarta.

Ba zan zalunce shi ba, ya sake bugawa da resin, wata roba mai ruwa-ruwa da haske ke daskarar da ita, ya kawo da kansa, bambancin bai kai milimita 1 ba a duk inda na auna, farantin ya zauna daram ranar aiki. Hannunsa na da kyau. Amma fa ko sau ɗaya bai tambayi kaurin yankan CT ba, wato kaurin kowane fallen hoton da na'urar ke ɗauka, alhali in ya wuce milimita 1 ƙashi mai siriri ɓacewa yake yi, kuma bai gaya min kar a sa PLA a otokilef ba, wato tukunyar tururi da ake kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki da ita, wani da bai sani ba sai ya lalata shi. Kuma duk da wannan sai da ya nemi in biya shi kuɗin motar kawo na biyun.