Tan da albatros: wa ya fi tafiya, me suke ci?

Yaya, ka ce ganin shamuwa ta dawo kan itatuwan Birni nan Damagaram ya sa ka tambaya ko cikin tsuntsayen teku akwai wanda ya fi ta tafiya, kuma me yake ci a tsakiyar ruwa. Akwai. Ga guda biyu, sai dai tafiyarsu ba iri ɗaya ba ce.

Tan na Aktik ɗan ƙarami ne, nauyinsa wajen giram 100. Shi ne mai halin shamuwa, lokaci yake bi. Yana ƙyanƙyasa a can ƙuryar arewacin duniya, sanyi na shigowa sai ya nufi Antaktika, can ƙuryar kudancin duniya. Binciken da aka wallafa a 2010 kan tan na tsibirin Girinlan da ke can arewa ya nuna suna cin kusan kilomita 70,000 a shekara. Sukan yada zango kusan wata guda a tsakiyar tekun Atlantika ta arewa su ci su ƙoshi, sannan su rabu: waɗansu su bi gaɓar Afirka ta Yamma, waɗansu ta Barazil. Cinsa kuwa da aiki: ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, ya faɗo ya cafke ƙaramin kifi.

Babban albatros ba ya wannan kai-komo daga arewa zuwa kudu. Tekun kudu yake kewayawa, abinci ke ja masa gora. Faɗin fukafukansa kan kai mita 3.5, amma da wuya ka ga ya kaɗa su. Yakan juya ya fuskanci iska ta ɗaga shi, ya gangaro har kusa da igiyar ruwa, ya sake hawa, awa da awanni ba gajiya. Ba ya nutso mai zurfi. Daga saman ruwa yake tsintar kifi, mushe, da wata halitta mai laushi mai hannuwa goma. Ruwan gishiri yake sha, gishirin ya fita ta hanci.

In tsawon hijira ake magana, tan ne gaba. Ni dai albatros ya fi tsaya mini a rai. Ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara biyu, a tsibirai irin su Kuroze da Jojiya ta Kudu. Ga shi yana bin jiragen masunta masu shimfiɗa igiya mai dubban ƙugiyoyi. Ya kai wa abincin ƙugiya cafka, igiya ta ja shi ƙasa. In uwa ko uba ya mutu haka, ɗan da ke jira a sheƙa da wuya ya rayu.