CMake da libcurl: ra'ayina bayan na yi aiki da su

Jama'a masu rubuta kod, wanga sharhi kan CMake ne, manhajar da ke tsara yadda za a yi kompailin, wato maida kod ya zama manhaja mai gudu. Muna da wata 'yar manhaja ta lissafin kaya da munka yi ma masu shaguna nan Sakkwato, tana gudu kan Windows a kwamfutar shago kuma tana gudu kan wayar Android, to duk biyun suna bukatar libcurl, laburaren curl (kod da wasu sunka riga sunka rubuta), don tura bayanai ta intanet, kuma ni ban son in rika hada laburare daban-daban ga kowace na'ura shi ya sa na koma CMake.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kake yanke abin da ba ka so tun lokacin kompailin. curl ya tsufa, tun 1998 Daniel Stenberg ya fito da shi, yana dauke da hanyoyin sadarwa irin su FTP da IMAP da POP3 da TELNET da LDAP, mi za ni yi da su a manhajar mai shago? Sai ka sa -DHTTP_ONLY=ON kawai duk su fita, ka kara -DBUILD_SHARED_LIBS=OFF ya shige cikin manhajar gaba daya babu zancen wani DLL (fayil din laburare na daban) ya bata a kwamfutar kwastoma. A Windows na kunna CURL_USE_SCHANNEL don ya yi amfani da tsaron da ke cikin Windows din, ba sai na yi dakon laburaren tsaro na OpenSSL ba. Ga Android kuma ka nuna ma CMake android.toolchain.cmake na NDK (kayan kompailin na Android), ka ba shi ANDROID_ABI wato irin furosesan waya, arm64-v8a ga sabbin wayoyi, armeabi-v7a ga tsofaffin da har yau suna hannun mutane da yawa a kasuwa.

Inda ya ke ban haushi kuwa CMakeCache.txt ne wallahi, fayil din da CMake ke ajiye zabukanka a ciki. Duk zabin da ka ba shi sau daya sai ya rike, ka je ka canza abu cikin CMakeLists.txt, inda kake rubuta mai umarni, ka dawo shi yana nan kan tsohon, awa tsoho mai taurin kai. In ka canza kompaila ma gara ka share foldar da kake kompailin a ciki gaba daya, ko ka sa --fresh wanda ya shigo a CMake 3.24. Sannan in harafi daya ya kuskure a sunan zabi ba ya tsayawa, dan gargadi zai jefo can kasa cewa ba a yi amfani da shi ba ya wuce abinshi, kai kuma kana zaton ka kashe abin.

CMakePresets.json da ya zo a 3.19 ya rage wahala sosai, zabin kowace na'ura na rubuce wuri guda, abokin aikina ya buga cmake --preset ya samu daidai abin da na samu. A hada shi da Ninja da ccache masu rage lokacin kompailin, don a zafin Afrilu na garin nan laftof ba ta jure dogon kompailin, fanka ta yi ta kuka.

Masu tsofaffin laburare a kula, CMake 4.0 na 2025 ya daina karbar cmake_minimum_required da ke kasa da 3.5, sai ka gyara layin ko ka sa -DCMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM=3.5 kafin ya yarda ya motsa.