Yaro na masassara a ƙauye: rele ko CSI?

A jihar Tawa, idan damina ta sauka, uwar da yaronta ke masassara tana da ƙofa biyu: wakilin lafiya na ƙauye, wanda ake kira rele, ko kuma CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na yankin.

Amfanin rele shi ne kusanci. Yana soka yatsan yaro, digon jini guda a kan abin gwaji, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In masassarar cizon sauro ce mai sauƙi, ya ba da Coartem, safe da yamma har kwana 3. Zawo kuwa, ruwan gishiri da sukari tare da zinc. In tari ne, ya ƙirga numfashi: in ya kai 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga wanda ya cika shekara, sai ya ba da maganin amoxicilline. Inda abin ke lalacewa shi ne maganin akwatinsa ya ƙare a watan Satumba, lokacin da cutar ta fi tsanani, ko uwa ta tsayar da magani da zarar jiki ya yi sanyi.

CSI tana da allurar artesunate, ta masassarar cizon sauro mai tsanani, da ma'aikacin jinya, kuma tun 2006 doka ta ce a duba ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Sai dai nisa. Daga wani ruga a Abalak ko Cintabaraden, tafiyar amalanke na iya cin yini.

A ganinmu a fara da rele tun ranar farko. Amma yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, kada a kwana da shi a gida, a nufi CSI.