Wata huɗu da 'yar tagar da ke nuna min adireshin kwamfutata

Aikina kusan duk a kan intanet yake: taro ta bidiyo, tura manyan fayiloli, da shiga kwamfutar wurin aiki ta VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke haɗa ni da can ta cikin intanet. Idan layi ya tsaya, aikin ne ya tsaya gaba ɗaya. Shekara da shekaru, duk sanda hakan ta faru sai in buɗe baƙar tagar nan ta umarni, in rubuta ipconfig, in bi layukan da ido har in gano adireshin kwamfutar, wato lambar da ake gane ta da ita a kan layi, in rufe. Bayan awa ɗaya in sake. Wata huɗu ke nan da na ɗora wata 'yar taga a kusurwar dama ta fuskar kwamfutata wadda ke nuna waɗannan bayanai a kowane lokaci, kuma ina ganin na zauna da ita isasshen lokacin da zan faɗi abin da na gani.

Waɗanda suka yi amfani da Windows Vista ko Windows 7 za su tuna da ƙananan tagogin nan na agogo da yanayi da ake jerawa a gefen allo. A 2012 Microsoft ya shawarci mutane su kashe su saboda ramukan tsaro da aka gano, kuma Windows 8 ya fito babu su. Tun daga lokacin masu son irin wannan abu suka koma wa manhajoji kamar Rainmeter a Windows da Conky a Linux. Tawa a kan Rainmeter take zaune. Shi Rainmeter kyauta ne, kuma tushe ne kawai. Tagar kanta wani mai sha'awar abin ne ya haɗa ta ya saki, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Duk abin da zan yaba ko in kushe a nan, na wannan tagar ne.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba. A sama akwai adireshin cikin gida, wato lambar da rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ta bai wa kwamfutar. Ƙasa da shi adireshin waje, wanda duniya ke ganina da shi. Sai adireshin rautar, da na sabar DNS mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi, da tsawon lokacin da saƙon gwaji ke ɗauka ya je ya dawo. Akwai zane biyu masu motsi, kore na abin da ke shigowa, ja na abin da ke fita. A can ƙasa kuma jerin haɗe-haɗen da kwamfutar ke riƙe da su a lokacin.

A makon farko ban ɗauke ta da muhimmanci ba, domin kusan duk abin da ta sani, ipconfig da netstat, umarnin da ke jera haɗe-haɗen kwamfuta, sun sani. Amfaninta ya bayyana ne a hankali. Idan lamba tana gaban idonka kullum, sai ka haddace ta ba tare da ka yi niyya ba. Na san kwamfutata 192.168.1.7 take samu. Na san saƙon gwaji zuwa rauta ba ya wuce milisakan biyu ko uku ta kebul. Na san da safe zanen ja kwance yake. To da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, ido ya kama tun kafin tunani ya zo.

Ranar da na tabbatar da haka, ina tsakiyar taro ne fuskokin mutane suka daskare, murya ta yanke. Ƙanena ya leƙo ɗakin ya ce, "Yaya, intanet ya ɗauke, in kira kamfanin?" Na kai ido kusurwar allo, sai na ga adireshin cikin gida ya koma wata lamba mai farawa da 169.254, wurin adireshin rauta kuma babu komai. Na ce masa ya dakata, matsalar ba ta fita daga gidan ba. Irin wannan lamba Windows ne ke ba wa kansa idan ya nemi adireshi daga rauta ta hanyar DHCP, tsarin da rauta ke raba adireshi da shi, bai samu amsa ba. Wato ko maganar kamfani ba a kai ba, kwamfutar da rautar ne ba sa jin juna. Muka je muka tarar fitilun rautar a kunne amma ta sandare. Aka kashe ta aka kunna, cikin minti biyu 192.168.1.7 ya dawo, na koma taron. Da a da ne, da na ɓata rabin awa ina jiran wani ya ɗaga waya, ƙarshe ya ce min in kashe rauta in kunna.

Tun daga ranar nake karanta tagar daga sama zuwa ƙasa kamar tsani. Idan adireshin cikin gida lafiya yake kuma rauta na amsawa, amma adireshin waje ya ɓace, laifin na layin da ke shigowa ne. Idan duka suna nan, saƙon gwaji zuwa 8.8.8.8, adireshin wata saba a intanet, yana dawowa, amma shafuka sun ƙi buɗewa, sai in zargi DNS. Sau biyu na sauya shi zuwa 1.1.1.1 komai ya daidaita nan take. Wannan rarrabewa ita ce babbar ribar da na samu, kuma ita kaɗai ta isa dalilin ajiye tagar.

Layin adireshin waje shi ne ya fi koya min abu. Adireshin IPv4, irin waɗanda na ambata a sama, lamba ce mai bit 32, jimillarsu kaɗan ta haura biliyan 4.29, kuma hukumar IANA mai kula da adiresoshin intanet ta raba ragowar da ke hannunta a watan Fabrairun 2011. Shi ya sa na'urorin cikin gida ke amfani da lambobin da aka keɓe, masu farawa da 10, ko 192.168, ko 172.16 zuwa 172.31, rauta kuma ta fitar da su duka da adireshi guda. Wannan na sani tuntuni. Abin da ban lura da shi ba sai da na so in riƙa shiga kwamfutar gida daga waje. Na buɗe ƙofa a rauta, wato hanyar da mai zuwa daga waje zai bi ya iso kwamfutar, na bi duk matakan, abu ya ƙi. Sai wata rana na kwatanta lambar da tagar ke nunawa da wadda ke shafin saitin rautar, na ga sun sha bamban: ta rautar tana farawa da 100.64. Lambobin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 an ware su ne a 2012 domin kamfanonin sadarwa su haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshin waje ɗaya. Ashe ni da mutane da dama muke raba lamba guda, don haka ko ƙofa nawa na buɗe a rautata, mai zuwa daga waje ba zai iso ni ba. Kwana uku na yi ina zargin kaina da kuskuren saiti, layi ɗaya a kusurwar allo ya warware min.

A nan kuma na ci karo da aibinta na farko, kuma shi ne mafi girma. Kwamfuta ba ta san adireshinta na waje ba da kanta. Dole sai ta tambayi wata saba a intanet, ita ta gaya mata. Mai haɗa tagar ya sa ta riƙa tambaya sau ɗaya duk minti goma. Ga mai amfani da VPN wannan jinkiri ya yi yawa. Wata rana VPN ɗina ya yanke shiru babu sanarwa, tagar kuma ta ci gaba da nuna min adireshin wurin aiki kamar komai lafiya. Na yi mintuna ina aiki da zaton a rufe nake, sai da lambar ta sauya sannan na farga. Abin ya dame ni ƙwarai, domin bayanin da ya tsufa amma yake kama da na yanzu ya fi rashin bayani haɗari. Na buɗe fayil ɗin saitin, wanda rubutu ne zalla da ake gyarawa da Notepad, na mayar da tambayar duk minti ɗaya. Ya kamata a ce akwai ɗan rubutu a gefe mai nuna lokacin da aka yi tambayar ƙarshe. Babu shi, sai da na ƙara da hannuna.

Akwai kuma abin da ya kamata mutum ya sani game da wannan tambayar: duk sanda tagar ta yi ta, sabar da ke can tana ganin adireshinka da lokacin da kake kan kwamfuta. Ba wani sirri mai girma ba ne, kowane shafin da ka buɗe yana ganin hakan. Amma ina son in san wa ake tambaya da sunana, kuma bayanin da ya zo da tagar bai faɗa ba. A cikin fayil ɗin na gano. Ina ba duk wanda zai ɗora irin wannan abu shawarar ya karanta fayil ɗin tukuna, musamman da yake waɗannan tagogi suna iya gudanar da umarni a kwamfuta. Dalilin da ya sa aka kashe na Windows 7 ke nan, kuma dalilin bai gushe ba don an sauya manhaja.

Ɗorawa ba ta da wahala, minti biyar ta isa. Nauyinta a kan kwamfuta ma ban ji shi ba. Sai dai ranar farko ta nuna min 192.168.56.1 a matsayin adireshina, lambar da ban taɓa gani a gidana ba. Daga baya na gane katin sadarwa na gaibu ne da VirtualBox, manhajar gudanar da kwamfutar gwaji a cikin kwamfuta, ke ƙirƙira, tagar ta ɗauke shi a maimakon na ainihi. Duk mai VPN ko kwamfutar gwaji zai iya gamuwa da wannan, kuma gyaran shi ne a rubuta mata sunan katin da ake so.

Zanen shige da fice ya taɓa ruɗa ni. Layina na megabit 20 ne, amma tagar ba ta taɓa wuce 2.5 ba. Har na fara ƙorafi a zuciyata kafin in tuna cewa kamfanoni da bit suke lissafi, tagar kuma da bait, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Lissafi ya fita daidai, babu wanda ya cuce ni. Amma harafi ɗaya ƙarami ko babba ne kaɗai ya bambanta su a allon, kuma rubutun ƙanana ne sosai.

Shi zanen ja ya biya ni wahalata. Wani dare ban buɗe komai ba, amma na ga ya cika har sama ya ƙi sauka. Kusan minti ashirin ina kallonsa. Na bi sawu, sai na tarar wata manhajar ajiyar fayiloli ce ke kwashe wani babban kundin bidiyo da na kwafa zuwa wurin da take sa wa ido, tana tura shi sabarta. Ba ɓarna take yi ba, aikin da na sa ta ne tun da daɗewa na manta. Amma ga mai data ƙidayayye, irin wannan mantuwa na iya cinye ta wata guda a dare ɗaya, kuma ita ce ta sa muryata ke yankewa a taron ranar, domin layin fita ya fi na shiga ƙunci a yawancin gidaje.

Jerin haɗe-haɗen da ke ƙasa shi ne sashen da na fi sa rai da shi, kuma shi ya fi ba ni kunya. Daga netstat yake ɗebo bayanin, ya nuna layi takwas kacal. Burauza ɗaya mai shafuka biyar a buɗe tana iya riƙe haɗi da yawa fiye da haka, kusan duka ta ƙofa ta 443 wadda shafuka masu kulle ke amfani da ita. Saboda haka abin da kake gani ɗan yanki ne, kuma ba ka san yadda aka zaɓo shi ba. Maimakon sunan manhaja, lambar aikinta yake nunawa, domin netstat ba ya bayar da suna sai da izinin mai kula da kwamfuta. Sai ka ɗauki lambar ka je Task Manager ka nemo mai ita. Idan kuma adireshin IPv6 ne, sabon tsarin mai bit 128 da dogon rubutu, sai tagar ta datse shi a tsakiya, ya zama ba shi da amfani.

Abin da ya fi damuna da wannan jeri shi ne tsoron da zai iya jefa wa wanda bai saba ba. Ƙanena ya taɓa zama a kwamfutar, ya ga baƙin lambobi suna bayyana suna ɓacewa, ya taso hankali a tashe ya ce, "Yaya, ina jin an shigo mana." Na zaunar da shi muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu 127.0.0.1 kwamfutar ce ke magana da kanta. Masu alamar LISTENING ƙofofi ne da ke jira, ba wanda ya shigo. Masu TIME_WAIT haɗi ne da aka riga aka gama, ana jiran a share. Sauran kuma na manyan kamfanonin da ke ɗauke da shafuka ne, shi ya sa lambar ba ta kama da sunan shafin da ka buɗe. Tagar ba ta bayyana ko ɗaya daga cikin wannan, kuma ba ta tare komai. Tana nunawa ne kawai. Wanda ke neman kariya, katangar tsaro ta kwamfuta da manhajar kashe ƙwayoyin cuta ne aikinsu. Wanda ke son bin diddigin haɗi da gaske, TCPView na Sysinternals ko Resource Monitor da ke cikin Windows sun fi ta nesa ba kusa ba, suna kawo sunan manhaja da cikakken adireshi a wuri ɗaya.

Zan ba mai aiki daga gida shawarar ya ɗora ta, haka mai VPN, haka wanda shi ake kira a gida ko ofis duk sanda layi ya tsaya. Sharaɗin shi ne ya yarda ya buɗe fayil ɗin saiti ya gyara layi biyu ko uku, domin yadda ta zo ba ta kammalu ba. Wanda waɗannan lambobi ba su ce masa komai ba, kuma ba shi da niyyar koyo, damuwa kawai za ta ƙara masa. Abu ɗaya kuma da na koya a makare: kafin ka nuna allonka a taro ko ka ɗauki hotonsa ka tura, ka ɓoye ta, domin adireshinka na waje yana nan a fili.

A yanzu na cire jerin haɗe-haɗen gaba ɗaya, na bar TCPView don ranar da buƙata ta taso. Na ƙara girman rubutun, na mayar da lissafin gudu zuwa bit don ya dace da na kamfani, na kuma sa adireshin waje ya koma ja duk sanda ya bambanta da na VPN. Layi biyar da zane biyu suka rage a kusurwar allon, kuma su nake fara kallo kowace safiya kafin in shiga taron farko.