Sharhi Kan Bututun Iskar Da Aka Ƙera Wa Motata A Jidda

Wata huɗu ke nan da na karɓo motata daga wata warsha a Sina'iyya, unguwar masana'antu da gareji ta Jidda, inda aka ƙera mata sababbin bututun shigar iska, kuma tun da 'yan'uwa da dama a nan da Makka sun yi ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, na ga ya dace in rubuta abin da idona ya gani.

Motar Nissan 300ZX ce ƙirar 1993, mai tobo biyu, wato na'urorin da ke cusa wa injin iska da ƙarfi, daga cikin jerin da kamfanin ya fara fitarwa a 1989. Injinta, wanda ake kira VG30DETT, mai silinda shida ne, girmansa lita uku, kuma duk bakaniken da ya taɓa buɗe bonet ɗinta ya san cewa an cunkusa kaya a ciki har babu inda hannu zai shiga cikin sauƙi. Iska tana bi ta na'urar tacewa, ta wuce na'ura guda ɗaya mai auna yawanta, sannan hanyar ta rabu biyu zuwa kowane tobo. Daga nan ta bi ta na'urorin sanyaya iska biyu da ke gefunan gaba, kafin ta isa maƙogwaron injin, wanda shi ma biyu ne. Mahaɗan wannan doguwar hanya na roba ne, ita kuwa roba ba ta jure shekara talatin tsakanin zafin tobo da ranar Jidda.

Ciwon ya fara ne da silo, injin yana rawa kamar zai mutu idan na tsaya a danja, daga baya kuma idan na taka totur sai in ji fito a ƙarƙashin bonet, baƙin hayaƙi ya biyo ta salansa. Na zaga wuraren tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, har uku, tiyon da na samu duk ya bushe kamar nawa, wani ma da na lanƙwasa shi a hannu sai ya tsage. Na waje kuma, wanda ake odarsa daga Amurka ko Japan, kuɗin jigilarsa da jiransa suka sa na ja baya.

Wanda ya yi aikin wani dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, mai waldar argon, wanda yaransa ke kira Mu'allim. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yanka komai ba a ranar farko. Ya toshe bakin hanyar iskar, ya hura mata hayaƙi, muka tsaya muna kallo yana tsiyayowa ta wuri biyu: ɗaya a lanƙwasar tiyon da ke gaban tobon hagu, ɗaya a mahaɗar da ke bayan na'urar sanyayawa. Ya nuna mini na farkon da bakin sukuddireba ya ce, "Ɗana, wannan ya fi wancan haɗari, ko da yake wancan ne ke yi maka ƙara." Dalilinsa shi ne, ɓular da ke bayan tobo tana zubar da iskar da aka riga aka auna, sai mai ya yi yawa, hayaƙi ya yi baƙi. Amma wadda ke gaban tobo zuƙo iska take yi, wadda ba a auna ba kuma ba a tace ba, sai mai ya yi kaɗan, ƙurar hanya kuma ta riƙa cin fukafukan tobo a hankali. Ban taɓa jin wanda ya bambance mini su haka ba.

Ya yi amfani da bututun alminiyam mai kaurin milimita biyu, kuma kafin ya taɓa shi sai da ya lanƙwasa waya a jikin motar ya ɗauki siffar kowace kwana, ya ɗiga walda kaɗan-kaɗan, ya gwada, ya cire, ya gyara, har sau huɗu a ɓangaren hagu kaɗai. Na roƙe shi ya ƙara faɗin bututun, domin na sha jin ana cewa hakan na ƙara ƙarfi. Ya ce, "Zan faɗaɗa maka duk inda kake so, ban da gidan na'urar aunawa, domin kwamfutar motar da wannan faɗin ta san lissafinta." Da na ce, "Baba, to a bar komai yadda kamfani ya yi," sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. A bakin kowane bututu ya tayar da ɗan tudu zagaye domin kada tiyo ya suɓuce idan iska ta matsa, ya haɗa su da tiyon silikon saboda injin yana motsi a kan kujerunsa, ƙarfe zalla kuwa zai tsage. Ƙananan bakunan da bawul-bawul na mayar da iska ke shiga duk ya mayar da su inda suke. Layin waldarsa a jere yake kamar ɗinkin hula, kuma na zura yatsa ciki ban ji ƙaiƙayi ko ɗaya ba.

Akwai inda raina ya ɓaci. An yi mini alkawarin kwana biyar, aikin ya ci goma sha biyu, ba tare da an kira ni an faɗa mini dalili ba. Bayan mako guda kuma na ji wani ƙaras-ƙaras, na duba na tarar bututun dama yana gogar wani ƙarfe har ya yi masa zane, saboda yaron da ya ɗaura bai saita kilif daidai ba. Sun gyara ba su karɓi ko riyal ɗaya ba, amma da ban lura da wuri ba, da ɓula za ta koma. Sannan alminiyam yana ɗaukar zafi fiye da roba. Idan na daɗe a cunkoso da azahar, motar takan ɗan yi nauyi har sai iska ta ratsa ta, abin da ya sa na koma aka naɗe sashen da ke kusa da tobo da ƙyallen kare zafi.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa, wanda na yi da asuba da fetur mai lamba 95 a tanki. Tun daga gindin dutsen har samansa, a kwana bayan kwana, ban ji fito ba, allurar tobo tana hawa ta tsaya inda ya kamata, hayaƙin nan kuma ya ɓace. Ƙarfin bai wuce na asali ba, kuma Mu'allim bai taɓa ce mini zai wuce ba. Abin da ya zube ne ya dawo. Ta kuma ci gwajin fahas, wato binciken lafiyar mota na shekara, a zuwan farko.

Duka aikin ya tsaya mini a riyal 1,800, har da tiyo da kilif. Mai irin wannan mota da zai bi sahuna, ya nemi a yi gwajin hayaƙi a gabansa kafin aiki da bayansa, ya kuma koma bayan mako guda a sake ɗaure kilif ɗin, domin silikon yana ɗan saki idan ya sha zafin farko.